Ganau da Jiyau: Tarken Labaran Mazan Jiyan da Suka Buɗe Sansanonin Gwale-gwale na 'Yan Nazi

1.0 Gabatarwa

Tsakanin watan Yuli na 1944 da watan Mayu na 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet da na Amurka da na Ingila, a kan hanyarsu ta murƙushe mulkin Hitila, sun yi ta cin karo da sansanonin gwale-gwale inda gwamnatin 'yan Nazi ta tsare miliyoyin mutane, ta kuma hallaka su. Daga cikin waɗanda aka hallaka a wannan zamani akwai Yahudawa kimanin miliyan 6, ban da fursunonin yaƙi na Sobiyet da 'yan ƙabilar Roma da 'yan adawar siyasa. Bayan yaƙi, wasu daga cikin sojojin da suka buɗe ƙofofin sansanonin sun rubuta abin da suka gani, wasu an yi hira da su an naɗa, wasu kuma sun ba da shaida a gaban kotu. Waɗannan bayanai sun taru har sun zama wani rukuni na adabi mai nasa jigo da zubi da salo, wanda ya cancanci a yi masa tarke kamar yadda ake yi wa sauran ayyukan zube.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙarfin waɗannan labarai yana bayyana ne a wuraren da suka ƙi bin zubin labarin jarumta da aka saba ji daga bakin mayaƙa, rauninsu kuwa yana fitowa ne a wuraren da tsawon zamani ko buƙatar masu sauraro suka tilasta musu komawa cikin wannan zubi. Za a yi amfani da bambancin da Bahaushe ya yi tsakanin ganau da jiyau a matsayin ma'auni, domin kuwa dukkan darajar wannan rukuni na adabi ta rataya ne a kan da'awar mai magana cewa shi ganau ne.

2.0 Matanin da Aka Nazarta

Ana iya kasa waɗannan labarai gida uku bisa ga lokacin da aka samar da su. Kashi na farko shi ne na ɗumi-ɗumi, wato wasiƙu da rahotanni da shaidar kotu na 1945 zuwa 1946. A nan ne za a sanya wasiƙar da Janar Eisenhower ya aika wa Janar Marshall bayan ya ziyarci sansanin Ohrdruf ranar 12 ga Afrilu, 1945, da shaidar da Birgediya Glyn Hughes, babban likitan sojan Ingila, ya bayar a shari'ar Belsen da aka yi a Lüneburg, da littafin Derrick Sington mai suna Belsen Uncovered (1946).

Kashi na biyu ya zo ne bayan dogon shiru na kimanin shekara talatin. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka fara bin tsofaffin sojoji ana naɗar muryoyinsu. Jami'ar Emory ta Amurka ta soma irin wannan aiki a 1978, an kuma yi babban taron sojojin da suka buɗe sansanoni a birnin Washington a 1981, wanda aka buga bayanansa a 1987. Littafin Robert Abzug, Inside the Vicious Heart (1985), ya ginu ne a kan irin waɗannan hirarraki. Kashi na uku shi ne na ƙarshen rayuwa, kamar littafin Michael Hirsh, The Liberators (2010), wanda ya tattara hirarraki da sojoji sama da 150 da galibinsu sun haura shekara tamanin.

Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga matarki, saboda mutumin da ya yi magana a 1945 bai san kalmomin da duniya za ta yi amfani da su daga baya wajen bayyana abin da ya gani ba, alhali wanda ya yi magana a 2008 ya riga ya kalli finafinai, ya karanta littattafai, ya kuma ji labarin abokansa sau da yawa.

3.0 Zubin Labarin Yaƙi da Yadda Ya Karye

Labarin yaƙi, a kusan kowace al'umma, yana da tsari sananne. Akwai tauraro, akwai abokin gaba da ya yi tsayin daka, akwai artabu, sa'an nan nasara da murna. Manazarcin adabin Hausa ya san wannan tsari daga kirarin mayaƙa da labaran daga na gargajiya, inda jarumi yake zama cibiyar magana, kowane aikatau kuma yake komawa gare shi: ya kutsa, ya sare, ya kora, ya ƙwato. Kalmar "'yantarwa" da ake amfani da ita game da sansanoni tana sa mai karatu ya yi tsammanin irin wannan tsari. To amma idan aka dubi labaran kashi na farko, sai a ga kusan dukkan ginshiƙan tsarin sun ɓace.

Da farko dai, yawancin sansanonin ba a ƙwace su da yaƙi ba, kuma ba su ne aka tura sojojin su nema ba. A Auschwitz, lokacin da sojojin Sobiyet suka iso ranar 27 ga Janairu, 1945, masu gadi sun riga sun kora fursunoni kusan 60,000 zuwa yamma a ƙafa cikin tsananin sanyi, sun bar kimanin 7,000 waɗanda galibinsu marasa lafiya ne. A Bergen-Belsen kuwa, hafsoshin Jamus ne da kansu suka nemi a tsagaita wuta a yankin, don tsoron kada zazzaɓin taifus, wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa, ya bazu. Sojojin Ingila suka shiga ranar 15 ga Afrilu, kwamandan sansanin, Josef Kramer, yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran su. Ke nan babu artabu, balle a yi kirari.

Na biyu, babu murna irin ta ƙarshen labarin jarumta. A Belsen an tarar da fursunoni kimanin 60,000 da gawawwaki kusan 13,000 da ba a binne ba, kuma bayan shigar sojojin Ingila mutane kimanin 14,000 sun ƙara mutuwa. Abin da ya fi ci wa mazan jiyan rai, kamar yadda ya yi ta fitowa a bakinsu, shi ne cewa abincin gwangwani da suka miƙa wa mayunwata saboda tausayi ya zama ajalin wasu, domin hanjin da ya daɗe da yunwa ba ya iya ɗaukar abinci mai nauyi. A nan tauraron labari ya zama mutumin da alherinsa ya yi kisa. Babu wani kirari da zai iya ɗaukar wannan jumla.

Abin lura ta fuskar nahawu shi ne yadda aikatau ke sauyawa. Maimakon kutsawa da korawa, sai a yi ta jin tsayawa da kallo da amai da kuka da kasa magana. An ruwaito cewa Janar Patton, wanda ya yi suna wajen taurin zuciya, ya ƙi shiga wani ɗaki da aka jibge gawawwaki a Ohrdruf don kada zuciyarsa ta tashi. Shaida mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga ɓangaren fursunoni. Primo Levi, a farkon littafinsa La tregua (1963), ya siffanta matasan sojojin Sobiyet huɗu a kan dawaki da suka fara isowa sashen Auschwitz inda yake: ba su yi gaisuwa ba, ba su yi murmushi ba, abin da ya karanta a fuskokinsu kunya ce, irin wadda mutumin kirki kan ji idan ya ga laifin da wani ya aikata. Wannan kunya ita ce babban jigon labaran kashi na farko, kuma ita ce ta raba su da labarin yaƙi na al'ada.

4.0 Salon Mai Neman a Gaskata Shi

Akwai dabarun salo guda uku da suke maimaituwa a cikin waɗannan matani, ko da masu su ba su san juna ba.

Dabara ta farko ita ce bayyana gazawar harshe. Edward R. Murrow, ɗan jaridar rediyo na Amurka da ya shiga Buchenwald jim kaɗan bayan sojoji, ya rufe rahotonsa na 15 ga Afrilu da roƙon masu sauraro su yarda da shi, tare da shaida musu cewa kaɗan ya faɗa, sauran kuwa ba shi da kalmomin faɗarsa. Wasiƙun da ƙananan sojoji suka aika wa iyayensu cike suke da irin wannan furuci. Mai nazarin harshe zai gane cewa wannan furuci yana da aiki biyu: yana sanar da girman abin, yana kuma yi wa mai magana katanga daga zargin ƙara gishiri, tun da wanda ya ce ya rage ba a tuhumarsa da ƙari.

Dabara ta biyu ita ce komawa ga hanci. Kusan babu wani tsohon soja da aka yi hira da shi da bai ambaci wari ba, kuma da yawa sun ce tun daga nesa suka fara jin sa kafin su ga shingen waya. Dalilin wannan a fili yake. Hoto yana iya nuna tarin gawawwaki, jiyau ma yana iya kallon hoton ya ba da labari, amma wari ba ya shiga hoto. Shi ne hatimin ganau, abin da ya mallaka shi kaɗai. Saboda haka ne ma wannan siffa ta fi kowace daɗewa a ƙwaƙwalwa. Ko a hirarrakin kashi na uku, inda kwanan wata da sunan gari suka rikice, bayanin warin bai sauya ba.

Dabara ta uku ita ce ƙidaya. Shaidar Glyn Hughes a kotun Lüneburg cike take da alƙaluma: yawan mutanen da aka cusa a kowane ɗaki, yawan masu taifus, yawan masu mutuwa a kullum. Inda siffatau ya kasa, sai lamba ta karɓi aikinsa. Busasshen salon likita ya fi tasiri a nan bisa ga kowace irin fasahar magana, domin yana barin mai sauraro ya yi lissafin da kansa.

Dukkan dabarun nan uku amsa ce ga matsala guda, wato tsoron ƙaryatawa, kuma tsoron yana da tushe. Alexander Werth ya bayyana a littafinsa Russia at War (1964) cewa gidan rediyon BBC ya ƙi watsa rahotonsa a kan sansanin Majdanek a 1944, bisa zaton farfagandar Rasha ce. Rahoton Richard Dimbleby daga Belsen shi ma sai da aka yi jinkiri kafin a watsa shi ranar 19 ga Afrilu, 1945. Eisenhower ya faɗa a wasiƙarsa cewa da gangan ya je ya gani da idonsa, don ya iya ba da shaida idan wata rana aka ce farfaganda ce. Ya kuma nemi a turo 'yan majalisa da editocin jaridu su gani. An kuma tilasta wa mutanen birnin Weimar kimanin 1,000 su zagaya Buchenwald ranar 16 ga Afrilu. Manufar duk wannan ita ce a yawaita ganau, tun da gani ya kori ji.

5.0 Inda Jiyau Ya Shiga Bakin Ganau

Matsalar da take fuskantar matarki ita ce, ganau ɗin da kansa yakan zama jiyau a hankali ba tare da ya sani ba. Misalai uku za su wadatar.

Misali na farko shi ne Dachau, wanda rundunonin Amurka ta 45 da ta 42 suka isa ranar 29 ga Afrilu, 1945. Kafin su shiga, sojojin sun tarar da taragun jirgin ƙasa ɗauke da gawawwaki sama da 2,000 na fursunonin da aka kwaso daga Buchenwald. Cikin wannan fushi wasu sojoji suka harbe masu gadi na rundunar SS da suka riga suka miƙa wuya, har sai da Laftanar-Kanar Felix Sparks ya tsayar da harbin. Rundunar soja ta yi bincike a lokacin, amma ba a gurfanar da kowa ba. Masana tarihi suna sanya yawan masu gadin da aka kashe a wannan rana tsakanin 30 da 50. Sai ga shi a 1986 wani likitan soja da ya halarci wurin, Howard Buechner, ya buga littafi mai suna Dachau: The Hour of the Avenger, inda ya kai adadin sama da 500, alhali a shaidar da shi kansa ya ba mai bincike a 1945, waɗanda ya ce ya gani a kwance a gindin bango ba su kai ashirin ba. Sunan littafin kaɗai ya isa ya nuna abin da ya faru: zubin jarumta ya dawo ta bayan gida, an sami tauraro mai ɗaukar fansa, adadin kuma ya kumbura don ya dace da girman tauraron. Haka nan tsofaffin sojojin rundunonin biyu sun shafe shekaru suna jayayya a kan wadda ta fara shiga sansanin, jayayyar da ba ta da ma'ana sai a cikin tsarin da yake buƙatar gwarzo guda.

Misali na biyu shi ne fim ɗin Liberators: Fighting on Two Fronts in World War II, wanda aka nuna a talabijin a Amurka a 1992. Fim ɗin ya nuna cewa bataliyar tankokin yaƙi ta 761, ta baƙaƙen fata, tana cikin waɗanda suka buɗe Buchenwald da Dachau. An yi shi ne a lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin baƙaƙen fata da Yahudawa a birnin New York, aka kuma karɓe shi a matsayin maganin sulhu. Amma takardun soja ba su goyi bayan wannan da'awa ba, wasu daga cikin tsofaffin sojojin bataliyar ma sun musanta, har gidan talabijin ɗin ya janye fim ɗin a 1993. Abin takaici shi ne gaskiyar da aka bari ta fi ƙagen armashi. Rundunar 71, wadda bataliyar take tare da ita, ta isa sansanin Gunskirchen a ƙasar Ostiriya a farkon watan Mayu. Haka kuma Leon Bass, baƙar fata na bataliyar injiniyoyi ta 183, ya shiga Buchenwald bayan an buɗe shi, ya kuma yi shiru sama da shekara ashirin, har ranar da wata da ta tsira daga sansani ta zo makarantar da yake shugabanta a Philadelphia, ya ga ɗalibai ba su ɗauki maganarta da muhimmanci ba, ya tashi ya tabbatar musu da ita. Labarin Bass ba shi da tanka mai fasa ƙofa. Ƙarfinsa yana cikin matsayin mai maganar: sojan da aka ware saboda launin fatarsa a rundunar ƙasarsa, ya zo ya ga inda aƙidar fifikon jinsi take kaiwa idan ta sami iko.

Misali na uku ya nuna cewa gwamnatoci ma sukan yi wannan aiki. A Buchenwald, fursunoni masu ƙungiyar asiri sun karɓe hasumiyoyin gadi ranar 11 ga Afrilu bayan yawancin masu gadi sun tsere saboda kusantowar tankokin Amurka. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta mayar da wannan labarin fursunoni 'yan gurguzu da suka 'yantar da kansu, kamar yadda ƙagaggen littafin Bruno Apitz, Nackt unter Wölfen (1958), ya yayata, yayin da labaran Amurkawa sukan manta da rawar fursunonin baki ɗaya. Kowane ɓangare ya zaɓi tauraronsa.

Akwai kuma wani kuskure na gama-gari da ya kamata a lura da shi. Sojojin Amurka da na Ingila ba su ga cibiyoyin kisa da iskar guba irin su Treblinka da Sobibor da Belzec ba, domin waɗannan suna ƙasar Folan ne, kuma 'yan Nazi sun rushe su tun kafin sojojin Sobiyet su iso. Belsen ba shi da ɗakin iskar guba. Yunwa da cuta da sakaci na ganganci ne suka kashe mutanensa. Idan tsoho mai shekara tamanin ya haɗa abin da ya gani a wani ƙaramin sansani da abin da ya kalla a fim game da Auschwitz, ba ƙarya ya yi niyya ba, amma masu musun kisan kiyashin sukan kama irin wannan tuntuɓe su ce duk labarin shaci-faɗi ne. A nan ne aikin matarki ya zama wajibi. Tace labari da gwada shi da takardun lokacin hidima ce ga mai shaida, domin abin da ya rage bayan tacewa ba mai iya girgiza shi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa labaran mazan jiyan da suka buɗe sansanonin gwale-gwale sun fi inganci a inda mai magana ya tsaya a matsayin ganau mai kunya da gazawar harshe, sun kuma fi rauni a inda aka mayar da shi gwarzo. An ga kuma cewa abubuwan da jiki ya ji, kamar wari da amai da shiru, sun fi jure wa tsawon zamani bisa ga kwanan wata da adadi da sunan wuri, saboda haka kowane iri yana buƙatar nasa ma'auni. Bai kamata a yi watsi da hirar tsoho don ya rikita sunan gari ba, kamar yadda bai kamata a karɓi adadinsa ba tare da bincike ba don kawai hawayensa na gaskiya ne.

Darasin ya shafi duk mai tattara tarihin baka a harsunan Nijeriya. Sojojinmu na Yaƙin Duniya na Biyu ba su je waɗannan sansanoni ba, a Gabashin Afirka da ƙasar Bama suka yi nasu yaƙin, amma mai hira da tsohon soja a ko'ina yana fuskantar jarrabawa iri ɗaya. Tambayar da ya yi ita ce take zaɓar zubin amsar da zai samu. Idan ya nemi kirari, kirari za a ba shi. Idan kuwa ya yi haƙuri da shirun tsohon, ya kuma rubuta ranar da aka yi hirar da abin da tsohon ya riga ya ji daga wasu, zai bar wa na baya matanin da za su iya rarrabe abin da ido ya gani da abin da kunne ya tsinta. Yanzu da kusan dukkan waɗanda suka tsaya a ƙofar Belsen da Dachau sun riga mu gidan gaskiya, duk wanda ya rage jiyau ne, kuma amanar da ke wuyansa ita ce ya isar da shaidar yadda aka ba shi ita.